Agogon Gidansu Auta

Ni ba mai yawan magana ba ne. Waɗanda suka saba karanta ni sun san haka. Waɗanda suka shigo yau, ga abin da za ku riƙe. Sakandare na gama, ban wuce nan ba. Ina aiki a wani shagon gyaran kwamfuta a bayan tasha. Akwai wata yarinya, ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata. Ita kuma Malam Shiru take ce min. Ina sonta. Ta sani. Mahaifinta ne ban taɓa faɗa wa ba.

Yau na yi wa mahaifin nata ƙarya, ido da ido. Shi ya sa na zauna rubutu. Na gaji, wallahi.

Bari in fara daga kwamfutar.

Auta tana yi wa wani kamfani aiki daga gida. Masu sayayya su rubuto ƙorafi, ita ta lallashe su. Kamfanin ya aiko mata da kwamfutar tebur, baƙa, mai nauyin tsiya. Baba, mahaifinta, tsohon direba, ya sa aka ajiye ta a falo, tsakanin firji da taga, inda idonsa zai riƙa kaiwa daga kujerarsa. Mama kuma ta saƙa wa allon wani ɗan mayafi mai fure saboda ƙura.

Kafin Auta ta fara aiki sai ta kunna VPN. Wanda bai sani ba, ya ɗauka wata hanya ce ta ƙarƙashin ƙasa, daga falonsu zuwa cikin kwamfutocin kamfanin, da ƙofa a kulle. Za ta sa kalmar sirri. Sannan ta sa wata lamba da wata 'yar manhaja a kwamfutar take fitarwa, lambar ba ta daɗewa take canzawa. In an karɓa, wata 'yar garkuwa a ƙasan allo ta zama kore. In an ƙi, ta zama ja. Ja yana nufin ba ta zo aiki ba, ko da tun asuba take kan kujerar.

Garkuwar nan ita ta buɗe min ƙofar gidansu. Ofishin kamfanin yana can wani birni, tafiyar yini guda. Mutumin da ke kula da kwamfutocinsu ya ce ba zai iya zuwa ba, ta nemi mai gyara a kusa. Ta nemo ni.

Zuwan farko, ɓera ne ya ci kebul a bayan firji. Na canza. Kore.

Wani zuwan, manhajar tsaron kwamfutar ce ta ɗauki VPN ɗin a matsayin ɓarawo, ta tare shi. Na sasanta su. Kore.

Wani zuwan kuma rawuta ce, akwatin da ke raba intanet, ta yi zafi kamar dutsen guga, don ita ma Mama ta saƙa mata riga. Na cire rigar, na ba Mama haƙuri. Kore.

Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin lalacewar nan. Saƙo zai shigo: “Malam Shiru, ta yi ja.” In goge riga in tafi. In zauna a kujerarta, ita ta tsaya a bayana da kofin shayi, gefen mayafinta yana taɓa kafaɗata, tana cewa, “Ka yi mata magana mana, wataƙila ta fi jin yarenka. Ku biyu ba kwa son surutu.”

Umma, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da zancen kwamfutar ba.

“Gidan Direba kuma?”

“Kwamfutar ce.”

“Kwamfutar ce mai son turare? Ka kusa ƙarar min da kwalba.”

“Umma.”

“Kar ka ummace ni. Wannan kwamfuta ta fi jariri lalura. Ka buɗe baki ka yi wa uban yarinya magana. Ko kwamfutar za ka auro min, in riƙa goge mata ƙura?”

Sai in sa takalmi in fita. Amsata ke nan kullum.

To, a watan da ya wuce ja ya zo ya zauna. Intanet lafiya, kebul lafiya. Kalmar sirri ta shiga. Amma da an sa lambar nan sai a ce ba ita ba ce. Na kashe na kunna. Na cire VPN ɗin gaba ɗaya na sake sawa. Na kawo rawutar shagonmu na gwada. Na ja intanet daga wani layi. Ja. Na fara jin kunyar shayin da ake kawo min.

Muka kira mutumin ofis. Mutumin kirki ne, sai dai a gajiye yake kamar ni. Ya ce, “Daga wajenmu komai daidai. Duba min agogon kwamfutar, lokacinsa daidai yake?”

Na duba kusurwar allo. Na ɗaga kai na duba agogon bango. Iri ɗaya. Baba ya miƙo hannu, ya nuna min na hannunsa. Iri ɗaya.

Na ce, “Daidai yake.”

Za ku ce me ya hana ni duba wayata. Ba ku san Baba ba. Tsohon direban motar haya ne, na doguwar hanya. A falonsa ba a latsa waya a gabansa. Ya ce yaron da ke kallon tafin hannunsa ba ya jin abin da ake faɗa masa. Tun a bakin ƙofa nake rufe wa tawa baki in cusa a aljihu. Ko kiran nan ma, Auta ce ta kira da tata ta ajiye a tebur. Kuma duk zuwan da zan yi, gaisuwar Baba ɗaya ce.

“Mai gyara, ka makara.”

Ni kuwa na san a kan lokaci na fito. Sai in ce, “A yi haƙuri, Baba.” Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Ana cikin haka kamfanin ya gaji. Suka ce in abin ya ci gaba, aikin gida ya ƙare. Ko dai Auta ta koma babban ofis, suna da masaukin ma'aikata mata, ko ta ajiye aikin. Dā ma sun taɓa yi mata tayin komawa can. Baba ya ce tunda ana iya yi daga gida, ba inda za ta. Na tuna ranar ta nuna min hoton ofishin a wayarta, a tsakar gida. Ta ce, “Dubi tagoginsu. Har ƙasa.” Na ce, “Za su yi wuyar gogewa.” Ta harare ni ta mayar da wayar jaka.

Sai na shiga gyaran nan da dukkan ƙarfina. Ba don kamfani ba. In garkuwar ta zama kore, Auta tana nan. In ta tsaya a ja, ta tafi. Lissafina bai wuce haka ba.

A makon jiya na je, Baba ya fita karɓo magani. Ina zaune gaban allo kamar mai zaman makoki, wayata ta girgiza. Umma ce, wai in taho da sabulu. Na ciro. Idona ya faɗa kan lokacin da ke saman wayar. Na kalli kusurwar allo. Na kalli bango. Na sake kallon waya.

Ba ɗaya ba ne. Na gidan ya yi gaba, da tazara mai kyau.

Mama tana goge firji. Na ce, “Mama, agogon bangon nan kamar yana sauri.”

Ta yi dariya. “Yau ka sani? Duk agogon gidan nan gaba yake. Tun Babanku yana tuƙi. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa isa tasha ya tarar da fasinja na jiransa ba. Har na kicin bai bari ba. Mu mun saba, a ka muke ragewa.”

Ta shige kicin.

Na ji kamar in kwanta a ƙasa. Lambar nan daga lokaci ake fitar da ita. Kwamfutar ofis tana da nata agogo, ta gida tana da nata, dole su yi daidai. In na gida ya yi gaba, lambar da zai bayar ta lokacin da bai zo ba ce. Ofis ya duba ya ce bai san ta ba. Shi ke nan. Wata guda ina fama, ashe agogo ne.

Na shiga wurin saita lokaci. Akwai wani ɗan maɓalli da ke sa kwamfuta ta riƙa karɓar lokaci da kanta daga intanet. A kashe yake. Auta ta sa min kalmar sirri, na kunna. Agogon ya ja da baya. Ta sa lamba.

Kore.

Ban faɗa wa Mama dalilin ba. Wa zai ce wa matar mutum agogon mijinta ne ya jawo? Auta kaɗai na yi wa bayani, a hankali, ina nuna mata da yatsa. Kin ga nan? In an kashe wannan, aka tura lokaci gaba, ba za ki taɓa shiga ba. Kar ki bari kowa ya taɓa.

Ta ce, “Kai, ni ce ma na tura shi. Baba ya ga ya saɓa da na bango, ya ce a gidansa lokaci ɗaya ne. Ban san zai yi haka ba.”

Na ce, “Ya wuce.”

Ta daɗe tana kallon maɓallin. Sannan ta ce, “Sannu da aiki.” Ba murmushi. Na lura. Na ce gajiya ce. Ranar har waƙa na yi a hanya, ni ɗin nan.

Yau da hantsi ina shago, na buɗe cikin wata tsohuwar kwamfuta ina hura ƙura, waya ta yi ƙara. Ba saƙon Auta ba. Baba ne da kansa. Bai taɓa kirana ba.

“Mai gyara, abin nan ya koma ja. Ofis sun ce yau suke son amsa. Zo.”

Ban koma gida na canza riga ba. Da ta aikin na tafi, da maiƙo a hannun riga.

“Ka makara.”

“A yi haƙuri, Baba.”

Falon yana nan yadda yake. Fanka tana kuka. Baba a kujerarsa da rediyo a cinya, a kashe. Auta tana tsaye jikin taga, doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi, ba kwalliya. Ba shayi. Ba ta ce Malam Shiru ba. Ta ce, “Ina kwana,” kamar ga mai karɓar kuɗin wuta.

Na zauna. Na ɗage mayafin allon. Ban taɓa kebul ba, ban taɓa rawuta ba. Kai tsaye na je wurin lokaci.

Maɓallin a kashe. Agogon ya koma gaba, daidai da na bango.

Na ce, ba tare da na juyo ba, “Baba, ko an ɗan taɓa ta?”

“Wa? Ni? Ko ƙurarta ban taɓa gogewa ba. Motar da ba ta da sitiyari ba na hawa.”

Na san gaskiya ya faɗa. Ba a taɓa wurin nan sai da kalmar sirri. Mutum ɗaya ke da ita a gidan.

Wayata ta girgiza a aljihu. Na ga hannun Auta yana ƙarƙashin mayafi.

Allah ya taimake ni, ko ya jarrabe ni, ban sani ba, Mama ta leƙo ta ce Baba ya zo ya sha maganinsa kafin abinci ya huce. Ya tashi yana mita, ya ce in ci gaba. Labule ya rufe.

Na ciro wayar. Saƙon Auta ne.

“Don Allah kar ka gyara.”

Na ajiye ta a tebur. Na ce, “Ke ce.”

“Ni ce.”

“Na farko kuskure ne.”

“Na farko kuskure ne. Wannan ba kuskure ba.” Muryarta ƙasa-ƙasa. “Kai ka nuna min wurin.”

Fanka tana ta kuka.

Ta matso. “Ka ji ni. A falon nan na yi rarrafe. Na dawo daga makaranta, falon nan. Na samu aiki, aka kawo min shi falon nan, kusa da firji. Gobe in na yi aure, wani falon ne. Ina so in ga ko zan iya tashi da kaina, in hau mota, in shiga ofis, a kira ni da sunana. Ko shekara ɗaya ce. Baba ba zai bari ba sai in dole ce. To na nemo dolen.”

“Da kin faɗa min.”

“Da na faɗa, me za ka ce? Tagogi za su yi wuyar gogewa?”

Wannan ta shige ni.

Akwai abin da ya zo min har maƙogwaro. Ni fa? Kalma biyu. Ban iya ba.

Ta ce, “Ka yi magana mana.”

“Me zan ce.”

“Kullum haka.” Ta goge ido da gefen mayafi, ta koma jikin taga. Na mayar da waya aljihu.

Baba ya dawo yana share baki. Bai koma kujerarsa ba. Ya jawo ta roba ya zauna kusa da ni, har ina jin warin man zafin da yake shafawa a gwiwa.

“To, mai gyara. Ba na son kwana-kwana. Zai gyaru ko ba zai gyaru ba? In zai gyaru, tana nan. In ba zai gyaru ba, in san abin yi. Kai na yarda da kai.”

Hannuna yana kan linzamin kwamfutar, abin da ke motsa kibiyar allo. Kibiyar tana zaune daidai kan maɓallin. Baba bai san me yake kallo ba, shi duk rubutu ne. Abin da ya rage in ce, Auta, zo ki sa kalmar sirri. A gaban Baba ba za ta ƙi ba. Dannawa ɗaya. Kore. Ta zauna. In ci gaba da goge riga ina zuwa, ɓera ya ci kebul, Mama ta saƙa wa rawuta sabuwar riga.

Sai na hango ta gobe a kujerar nan, tsakanin firji da taga, garkuwa kore, tana lallashin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Na shigo. Ta ɗago ta kalle ni. Na san irin kallon. Ba zan iya shan shayi a ƙarƙashinsa ba.

Ku ce min wawa, na yarda. Na janye kibiyar.

“Baba, na yi iya yina. Ba zai gyaru a nan ba.”

“Kai da ka gano aikin ɓera a bayan firji?”

“Wannan ta fi ƙarfina.”

Ya daɗe yana kallona. Na kafa ido a kan maiƙon hannun rigata. Ƙarya tana da nauyi a bakin wanda ko gaskiya ba ya yawan faɗa.

Ya sauke numfashi. Ya duba agogon hannunsa, kamar akwai motar da za ta tashi.

“To. Ba a wasa da aiki. Ni ma a hanya na ƙare ƙuruciyata saboda shi.” Ya juya. “Auta, kira su. Ki ce kina zuwa. Ni zan kai ki da kaina, in ga masaukin da idona.”

Wani abu ya faɗi a kicin. Mama ta fito da ludayi a hannu. “Tafiya? Wace tafiya? Mai gyara, ba ka ce min makon jiya ya gyaru ba?”

“Ya dawo, Mama.”

“To ka sake gyarawa mana, ɗan nan! Me aka ajiye ka yi?”

Na rufe allon da mayafinsa mai fure, na daidaita gefunan. Auta ba ta kalle ni ba. Tana kallon waje ta taga, hannunta a baki.

Na yi sallama. Baba ya tashi ya biyo ni. Bai taɓa raka ni ba. Muka ratsa tsakar gida, muka wuce igiyar shanya, har ƙofar waje. Rana ta take. Ya dafa ƙyauren.

“Kwamfutar da ita za ta tafi.”

“Haka ne, Baba.”

“To me zai riƙa kawo ka gidan nan?”

Na sunkuyar da kai.

“Yaro, na yi shekaru ina kallon fasinja ta madubi. Ba a goge riga saboda kwamfuta. Ba a shafa turare saboda ɓera.” Ya ɗan yi tari. “In kana da magana, ka zo gobe da safe ka faɗa min da bakinka. Kafin ta tafi nake son in san matsayin kowa. In ba ka zo ba, na san babu. Kuma da agogona nake aiki.”

Ya rufe ƙofa.

Ban koma shago ba. Na bi ta bayan tasha, inda ake wankin motoci, ina tsallake ruwan sabulu. Waya ta girgiza.

“Na gode, Malam Shiru. Har abada ba zan manta ba.”

Na tsaya a inuwar wata mota. Na karanta ya fi a ƙirga. Har na fara jin sanyi a ƙirji. Sai wani saƙon nata ya shigo a ƙarƙashinsa.

“Na ji abin da Baba ya ce maka a ƙofa. Kar ka zo gobe. In ka zo zai ce a yi komai kafin in tafi, daga nan kuma ba tafiya. Ba yanzu ba. Don Allah.”

Don Allah biyu a rana ɗaya.

A gida na tarar da Umma tana ninke wanki. Ta kalli rigata ta taɓe baki.

“Haka ka je gidan mutane? Ta gyaru?”

“A'a.”

“To ka yi maganar?”

Da na yi shiru kamar kullum, da ya fi. Gajiya ce ta buɗe min baki.

“Ya ce in zo gobe da safe.”

Umma ta saki zanen da ke hannunta. “Alhamdu lillahi! Ashe bebe yana da rana!” Ta shige ɗakina ba sallama, ta zaro farar rigata, wadda ban taɓa sawa zuwa gyara ba. Ta jona dutsen guga tana 'yar waƙa. Ta goge wuya, ta goge hannu, ta sake goge wuya. Ta ɗauko kwalbar turarenta ta dire min a kan tebur.

“Ƙarar da shi. Na yafe.”

Yanzu la'asar ta wuce. Rigar tana rataye a jikin ƙofa, fara fat, tana kallona. Baba yana can da agogonsa mai sauri. In ban je ba, ya ce ya san babu, kuma Baba ba ya tsayawa fasinja sau biyu. In na je, na kunna maɓallin da na ƙi kunnawa ɗazu.

Na buɗe saƙonta. Na rubuta, “To.” Kalma ɗaya, irin tawa.

Yatsana yana kanta, kamar ɗazu a kan linzami. Umma tana ƙwala min kira daga tsakar gida, wai in fito in gwada rigar ta gani.